Yadda Ake Gano Inda Aka Tsare Mutum a Jihar Kano

Da zarar an ji labarin kamu, yawanci dangi bazama suke yi, wannan ya nufi gidan yarin Kurmawa, wancan ya nufi na Goron Dutse, kowa yana roƙon gandiroba ya leƙa masa ciki. Wannan hanya ɓata lokaci take yi. A bisa doka ba a karɓar kowa a gidan yari sai da takardar umarnin kotu, saboda haka sawun takardar ake bi, ita za ta kai ka ga mutumin.

Da farko ka fahimci tsarin. Wurin tsarewa iri biyu ne. Akwai bayan kanta, wato ɗakin ajiya na 'yan sanda da na hukumomi irin su NDLEA, inda ake riƙe wanda ake zargi kafin a kai shi gaban alƙali. Akwai kuma gidajen yari, waɗanda dokar 2019 ta mayar da sunansu gidajen gyaran hali. Hukumarsu ta tarayya ce, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kowace jiha kuma tana da kwanturolanta. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu, amma Kurmawa, wanda aka gina a 1910, da Goron Dutse da Wudil da sabon na Janguza duk a hannun hukumar tarayya suke. A cikinsu masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa nesa ba kusa ba.

Mataki na biyu, ka rubuta cikakken sunan mutumin yadda yake a katin shaidarsa, da sunan mahaifinsa, da laƙabinsa, da ranar kamun da unguwar da aka yi shi. A rijistar da masu suna Musa Ibrahim za su iya kai goma, laƙabi da rana ne ke bambancewa. Na uku, ka je caji ofis mafi kusa da wurin kamun, ka nemi ɗan sandan da ke binciken maganar. Idan an ce an mayar da ita sashen manyan laifuka na Bompai, can za ka bi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu, sai dai laifin da hukuncinsa kisa ne. Tambayarka guda ce: wace kotu aka kai shi, kuma yaushe?

Na huɗu, ka je wurin magatakardan kotun, ta majistare ce ko ta shari'ar Musulunci. A nan za ka samu lambar ƙara, da gidan da aka aika shi, da ranar zama na gaba, da sharuɗɗan beli idan an bayar. Na biyar, ka tafi gidan da lambar a hannunka da katin shaidarka, ka nemi ofishin rijista ko jami'in walwala, ka tambayi lokutan ziyara da abin da aka yarda a shigar. In an sauya masa gida, ofishin kwanturolan jiha ne zai faɗa maka.

Wani zai ce a ƙasar nan sai da sanayya ko ɗan na goro. Gaskiya ne akwai jinkiri, akwai fayil da ke maƙalewa, akwai masu neman abin hannu. Amma ɗan tsakani kuɗinka zai karɓa ya kawo maka jita-jita, alhali lambar ƙara hujja ce da lauya zai yi aiki da ita nan take. Wani kuma zai ce talaka ba shi da kuɗin lauya. Don shi aka kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, tana da ofishi a Kano, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam tana karɓar koke idan an ƙi bayyana inda mutum yake.

Kada ka tsaya a ziyara kawai. Ka halarci kowane zaman kotu, ka riƙa bibiyar fayil ɗin, domin wanda ba a tambayar maganarsa shi ne ke daɗewa a jiran shari'a.