Darasi: Gadagi

A Zakirai gona ta haɗe da gona, burtali ya matse. Da rani abincin dabba tsada yake yi. Gadagi na rage wannan wahala.

Gane shi ba wuya. Ba ya tsawo, yakan kwanta a ƙasa. Ganyensa ƙanana ne, ɗai-ɗai a jikin kara. Furensa jaja-jaja, kwansonsa siriri mai gaɓoɓi. Yana son jigawa.

Kuskuren masu ciyawa shi ne tuge shi tun bai yi 'ya'ya ba. A bar wani ya nuna da kaka, a tara irin, a watsa a gefen gona da saukar damina. Wanda aka yanka a shanya a inuwa, a ɗaure, a adana. Doki da tumaki ba sa barin ko ganye.