Darasi: Saurayi Gurgu, Makaranta da Ƙwaryar Burkutu

'Yan'uwa manoma, a shekara ta 2020 aka sanar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Mun gode Allah. Amma yaran da cutar ta shanye wa ƙafa kafin wannan lokaci suna nan tare da mu, a Nasarawa ta Birnin Kebbi da ƙauyukan fadama har Argungu. Yau sun zama samari da 'yammata.

Mu duba yinin irin wannan saurayi. Da damina hanyar makaranta taɓo ce, keken guragu ba ya shiga. In ya isa, ga matakala, ga masai da sai ya ja jiki. Yara su yi masa waƙa. Sannu sannu sai ya ce makaranta ba tasa ba ce. Mu iyaye kuma mu ce to, dā ma me zai yi da boko? Mu tafi girbin shinkafa mu bar shi gida shi kaɗai. Wannan zaman kaɗaici ya fi gurguntar ciwo.

A nan giya take samun ƙofa. A gidan burkutu ba a tambayarsa ko ya iya gudu. Ana matsa masa wuri, a miƙa masa ƙwarya, ya ji shi ma mutum ne. Ba ɗaɗin giyar ya kai shi ba, abokai ya je nema. Amma mai dogara sanda in ya bugu faɗuwa zai yi, in kuwa ya haɗa da tiramol numfashinsa na iya tsayawa. Duka da zagi ba su raba shi da ita, ƙara tura shi can suke yi.

Mu tuna da Mefiboshet cikin Sama'ila ta Biyu sura 9. Sarki Dawuda bai aika masa da sadaka ba. Gonakin kakansa ya mayar masa, ya zaunar da shi a teburinsa.

A Janairu 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, amma doka ba ta tura keke. Ƙungiyarmu na iya zuba tsakuwa da siminti a ƙofar aji, ta sa yara biyu su riƙa raka shi. Ta ba shi littafin lissafin taki da iri ya riƙe, ko kiwon kaji, ko saƙar koma, a biya shi ladansa.

A taron wata mai zuwa, kowane reshe ya kawo sunayen irin waɗannan yara, da ajin da kowannensu ya tsaya.