Zaɓen Allon Wasanni don Akwatin Gida

Tambaya: Wani mai karatu ya ƙera akwatin wasan bidiyo na tsaye a gida, yana neman shawara kan allon lantarki mai wasanni da yawa da zai saya.

Amsa: Abin da ya kamata mai tambaya ya fara dubawa shi ne mahaɗin wayoyin akwatin, domin yawancin waɗannan alluna suna bin tsarin JAMMA, wato mahaɗi mai hakora 56 da masu ƙera injinan wasa na Japan suka daidaita a kai. Bayan haka sai matsayin allon kallo, wanda nan ne ake yawan yin kuskure: idan a tsaye aka kafa shi, allon 60-in-1 ya dace, tunda Pac-Man da Galaga a tsaye aka tsara su, amma idan a kwance yake, allon Pandora's Box ya fi, musamman ga Street Fighter II, wanda ke buƙatar maɓallai shida ga kowane ɗan wasa. Yawan wasannin da ke jikin kwali kada ya ruɗe shi, domin sau da yawa maimaici ne, kuma da dama ba su da lasisi. Kafin a jona, lallai a auna wutar 5V da mita.