Zaman Nsawam kan wiwi ba ya soke tallafin gida

Aikin jin daɗin jama'a nake yi tsakanin Nima, Maamobi da Kanda. Akwai tambayar da iyayenmu mata ke yi mini ƙasa-ƙasa: yaro ya dawo daga kurkukun Nsawam kan wiwi ko ƙwaya, shin gwamnati ta cire gidansu daga tallafi?

Ba ta cire ba. Ina kyautata zaton daga 'yan uwanmu mazauna Amurka maganar ta taso, domin can dokar 1996 ta hana wanda kotu ta samu da babban laifin ƙwaya tallafin abinci da na kuɗi har abada, ko da yake yawancin jihohi sun sassauta ko sun janye. Ghana ba ta bi wannan hanya ba.

Shirin tallafin gwamnati na LEAP, da aka fara a 2008, halin gida yake dubawa: talauci mai tsanani, sannan a ce akwai tsoho mai shekara 65 zuwa sama, ko mai naƙasa mai tsanani, ko marayu da yara marasa galihu, ko mai ciki, ko jaririn da bai cika shekara ba. Saurayi majiyi ƙarfi dama ba ya ciki, ko ya taɓa kwana a Nsawam ko bai taɓa ba. Amma kakar da ke riƙon jikoki saboda ubansu na tsare, ita ya kamata ta je ofishin jin daɗin jama'a na Ayawaso ta Gabas ko ta Arewa. Hajiya, kada kunya ta sa ki ce ya yi tafiya. Gaskiyar ce za ta nuna nauyin da ke kanki. Zuwan ba alkawarin shiga ba ne, sai an tantance.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tara. Dokar Ghana ta 2020 ta maye ɗauri da tarar sidi 2,400 zuwa 6,000 ga wanda aka kama da wiwi ko ƙwaya ta shan kansa, wanda ya kasa biya kuma zai iya yin wata 15 a kurkuku. Ɗan mai hali ya kwana gida, ɗan mai koko ya tafi Nsawam.

Ranar da yaron ya fito, a fara da inshorar lafiya ta NHIS. Katin Ghana ake tambaya, ba takardar 'yan sanda ba. In yana da rajista amma ta mutu, a latsa *929# a waya a sabunta.