Yadda A Ke Ta Da Injin Tsohuwar Mota: MG TC

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu in mun fita daga wannan kwaleji za a ce mu koya wa yara yadda injin mota ya ke aiki. Littafin aji yana nuna zanen fistin yana hawa yana sauka, amma zane ba ya tsatsa, ba ya kuwa ɗigar mai. Saboda haka na ga ya fi kyau in ɗauki mota guda ta gaske, mu bi yadda a ke ta da ita bayan ta yi shekaru a ajiye.

Motar da na zaɓa ita ce MG TC. Ƙaramar mota ce ta mutum biyu, marar rufin ƙarfe, irin wadda Turawa su ke yi don gudu da nishaɗi. An yi ta a garin Abingdon a Ingila daga 1945 zuwa 1949, wajen guda 10,000, aka sayar da da yawa a Amurka, ko da ya ke duk sitiyarinsu a dama ya ke. An rufe ma'aikatar a 1980, amma har yanzu akwai masu gyara waɗannan motoci suna hawa. Injinta, wanda a ke kira XPAG, silinda 4 gare shi, girmansa cc 1,250, ƙarfinsa kuwa na doki 54.

Abu na fari, kada a yi ɗokin ta da ita. Injin da ya daɗe a tsaye, baƙin mai duk ya tsiyaye ƙasa, zoben fistin kuwa watakila sun manne da jikin silinda. In aka sa batir aka murɗa, sai zobe ya karye ya karce silinda. Sai dai a cire fulogi duka huɗu, a zuba ɗan mai a ramukan, a bar shi ya kwana biyu, sa'an nan a juya injin a hankali da ƙarfen nan da a ke sa wa ta gaba.

In ya juya, sai a auna matsinsa. Kun tuna fistin yana tafiya huɗu: ya sauka ya shaƙi iska da fetur, ya hau ya matse su, wutar fulogi ta kama ta turo shi ƙasa, ya sāke hawa ya kori hayaƙi. To, tafiya ta biyu ita ce a ke aunawa, da ma'auni da a ke ɗaura wa a ramin fulogi. In silinda ɗaya ta gaza sauran, akwai wata dabara da ni ke so ƙwarai. A zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai, a sāke aunawa. In matsin ya ƙaru, zobe ne suka cinye, gama man ya toshe ratar na ɗan lokaci. In bai ƙaru ba, iskar ta sama ta ke gudu, watau bawul ne ko gasket. Cokalin mai ya gaya maka abin da ke cikin inji tun ba ka kwance noti ɗaya ba. Malamin da ya kawo wannan misali, lalle yaransa ba za su manta da ma'anar matsi ba.

Wajen kwancewa kuwa akwai tarko. Zaren sukurorin wannan inji na awon Faransa ne, watau milimita, amma kawunansu na awon Ingila ne da a ke kira Whitworth. Dalili shi ne, wani kamfanin Faransa mai suna Hotchkiss yana da ma'aikata a Coventry inda ya ke yi wa William Morris injuna. Morris ya sayi ma'aikatar a 1923, da kayan aikinta masu yanka zaren milimita, aka ci gaba da yanka shi, sai dai aka yi kawunan yadda sifanar makanikin Ingila za ta kama. Wanda bai san wannan labari ba sai ya duba kan sukuru, ya sayo na Ingila, ya ɗaure da ƙarfi, ya ɓata ramin da ya fi shekara 70 lafiya lau. Kowane abu da aka cire sai a rubuta masa lamba, don bawul na silinda ta 1 ya riga ya saba da mazauninsa.

Bayan wanki sai awo, ba da ido ba, da ma'auni mai nuna kashi ɗaya cikin dubu na inci. Silinda ta fi cinyewa daga sama, inda zafi ya fi yawa mai kuma ya fi ƙaranci, har farce ya kan ji tudu a bakinta. In cin ya yi yawa sai a ƙara faɗinta, a sa fistin mafi girma. Karanshaf kuwa akasin haka: a kan rage kaurinsa, misali da inci 0.010, a sa masa metal mafi kauri. Amma tun ba a kashe kuɗi a kansa ba, a kai shi a bincika ko ya tsage, gama wuri uku kaɗai ya ke zaune, tsagarsa kuma ido ba ya gani.

Ga wani abu da masu ƙera motar ba su yi tunaninsa ba. Fetur na dā akwai dalma a ciki, wadda ta kan kāre mazaunin bawul na hayaƙi daga ci. Dalma guba ce, musamman ga yara, saboda haka aka hana irin wannan fetur a Ingila a 2000, a duniya kuma aka daina sayar wa motoci shi a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe. Don haka masu gyara da yawa su kan sa mazauni na ƙarfe mai tauri. Wasu suna cewa wannan ɓata asalin mota ne. Ni ban yarda ba. Abin da ba a gani, wanda kuma ya ke sa inji ya daɗe, ban ga laifinsa ba.

Kafireto biyu gare ta, ƙirar SU, kowane yana ciyar da silinda biyu, tilas kuwa su shaƙi iska daidai wa daida. Tsofaffin makanikai su kan sa bakin tiyo a kunne, ɗaya bakin a bakin kafireto, su saurari huci, su juya sukuru har muryoyin biyu su zama ɗaya.

Amma kada daɗin ƙarar inji ya sa a manta da birki. Birkin TC na mai ne, hanyar man kuwa ɗaya tak ce zuwa ƙafafu huɗu. In tiyo ɗaya ya fashe, duk birkin ƙafa ya tafi gaba ɗaya, sai na hannu ya rage. Man birki kuma yana shan damshi, ya sa tsatsa daga ciki. Saboda haka a nan ba a duba roba a ce da sauranta. Kowane tiyo da kowace roba sai a sāke sabuwa. Inji in ya mutu a hanya, turi ne kawai. Birki in ya mutu a gangare, rai ne.

Ranar ta da inji, a fara juya shi ba fulogi har allurar ma'aunin mai ta motsa, sa'an nan a mai da su a kunna. Mil 500 na farko a tafi sannu don zobe su zauna, a zubar da man, a sāke ɗaure notocin kan inji daga tsakiya zuwa gefe. In kuwa da safe aka ga ɗigo biyu na baƙin mai a ƙasa daga bayan inji, kada a ce aikin ya ɓaci. Ba roba a ka sa a wurin ba, wani zare ne kawai a jikin karanshaf mai mai da man ciki sa'ad da ya ke juyawa, in ya tsaya kuwa sai ɗan kaɗan ya sulale.