CIKIN DA YAKE KWANCIYA

Sau da yawa mukan ji tsofaffi suna cewa cikin wance ya kwanta. Masana ba su tabbatar da haka ga ɗan Adam ba. Amma ina so in shaida wa 'yan'uwana ɗalibai cewa akwai dabbobi masu shayarwa fiye da iri 130 waɗanda cikinsu yake kwanciya da gaske. Ɓera yana cikinsu, haka kuma babban jemagen nan mai launin rawaya na ƙasarmu.

Ga yadda abin yake. Bayan barbara, ɗan tayin ɓera yakan isa mahaifa yana ɗan ƙanƙanin ƙullutu, ya manne da jikinta wajen kwana na biyar. Amma idan uwar tana shayar da 'ya'ya da yawa, jikinta ba ya fitar da sinadarin istirojin a kan kari. Sai ɗan tayin ya tsaya cik, bai manne ba, bai kuwa mutu ba. A Jamus, wani masani mai suna Bischoff ya bayyana irin wannan hali ga barewar Turai tun 1854. Takan yi barbara a Yuli ko Agusta, ɗan tayinta ya kwanta har wajen ƙarshen Disamba, ta haihu a Mayu ko Yuni, lokacin da ciyawa ta wadata.

To, me yake faruwa cikin ɗan tayin? A kowace ƙwayar halitta akwai DNA, wanda yake ɗauke da umarnin gina jiki. Ƙwayar takan kwafi umarnin da take bukata, wannan kwafi shi ne RNA, kuma da shi ake haɗa furotin. Ke nan idan babu sabon RNA, babu girma.

Don su auna wannan aiki, masu bincike sun ba 'yan tayin ɓera yuridin, ɗaya daga cikin kayan ginin RNA, bayan sun yi masa alamar da na'ura za ta gane. Sai suka ga kwantaccen ɗan tayi kaɗan yake sakawa cikin RNA. Aikin ya ragu ƙwarai amma bai tsaya ba, kamar garwashin da aka rufe da toka. Da aka yi wa uwar allurar istirojin, kafin kwana guda haɗa RNA ya ƙaru, ɗan tayin ya farka, ya kama mahaifa.

A 2016 kuma, masana a Amurka suka kwantar da 'yan tayin ɓera a ɗakin gwaji ta hanyar danne wani furotin mai suna mTOR. Da aka mai da su mahaifa, aka haifi ɓeraye lafiyayyu.

A ganina wannan bincike ya shafe mu. Ciki da yawa yakan zube ne a daidai lokacin mannewa, tun mace ba ta san ta samu ba. Idan likitoci suka fahimci abin da ke ta da ɗan tayi, sun samu hanyar taimakon masu neman haihuwa. Saboda haka, 'yan'uwa, mu dage da darasin kimiyyar halittu.