Amsar Tambaya: Wasu na son faɗa, wasu na son labari

Tambaya: Mu biyar muke buga Dungeons & Dragons duk Asabar, ni ke jan wasan. Biyu yaƙi da dodanni kawai suke so, biyu kuma labari. Kullum sai mun tashi baram-baram. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, babu mai laifi a cikinsu. Wasan nan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 daga wasannin yaƙi na kan tebur ya samo asali, shi ya sa dokokinsa suka fi karkata ga sara da suka. Ka jefa ƙwaya mai fuska 20, ka kai adadin da ake nema ka ci, ka gaza ka rasa.

Amma duba wasan Apocalypse World na Vincent Baker, na 2010. Ƙwayar lido biyu ake jefawa. Daga 10 zuwa sama nasara ce. Tsakanin 7 da 9 kuwa ka samu, amma da tsada: ƙofar ta buɗe, sai dai mai gadi ya ga fuskarka. Wannan tsarin ya fi kwanta mini a rai, domin labari ba ya tsayawa.

Ka ari dabarar. Kuma ka sa dodon da masu faɗa ke son kashewa ya zama shi kaɗai ya san inda aka ɓoye ƙanwar jarumin ɗaya daga masu son labari. Kafin Asabar ka tara su, babu ƙwaya a tebur, kowa ya faɗi abin da ke kawo shi.